Ƙyallen Bakin Randa

Ni ce Dudu mai koko. Duk wanda ya taɓa jiran mota a gindin tsamiyar nan ta hanyar Wara, a shekarun da anka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, ko bai san fuskata ba ya san kokona. Ba yabon kai nake ba. Yabon ne ma ya kai ni ya baro, shi ya sa in na tuna shi bakina yake ɗaci.

Tungarmu ba a bakin ruwa take ba, ko da yake mu mutanen ruwa ne. Ina budurwa anka tare kogi a Kainji, ruwa ya haɗiye garinmu har da kushewun kakanninmu. Anka kwaso mu anka zube a kan tudu, cikin ɗakunan siminti masu zafi kamar tanda. Daga nan zuwa babban ruwa tafiyar hantsi guda ce. Rijiya ɗaya anka haƙa mana, ta rufta tun ban yaye ɗiyata ta fari ba. To mi za mu sha? Da rani mu tona yashi a rafi. Da damina kuwa ga kududdufi nan bayan gari, ramin da masu gyaran hanya sunka kwashe ƙasa sunka bar mana. Nan muke ɗiba, nan shanu suke sha, nan mai ciwon ƙafa yake tsoma ƙafarsa ya ji sanyi.

Ciwon ƙafar kuwa kurkunu ne. Duk damina sai ya kwantar da rabin gari, daidai lokacin da gona take neman mutum. Ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, farin zare ya leƙo. Sai a samu tsinke a riƙa naɗe shi kaɗan-kaɗan, wata guda, wani har biyu, kafin ya gama fita. Mu a wurinmu jijiya ce ta mutu take neman hanya. Wasu su ce gado ne, wasu su ce sammu. Ba wanda ya taɓa kallon randarsa.

Maigidana Magaji ya rasu tun da daɗewa, jirginsu ya kife suna dawowa daga kasuwar Yelwa. Ya bar ni da 'ya'ya mata uku, duk na aurar, da namiji ɗaya, Haliru. Da koko na riƙe yaron nan har ya kai aji shida a sakandare can Yelwa. Dogo ne, ƙafafunsa kamar na ubansa, kuma tun yana ƙarami abu ɗaya ke bakinsa: soja. In ya zo hutu, kafin in hura wuta ya fita gudu, ya kai bakin babban ruwa ya dawo. Ina yi masa tsiya, in ce, "Kai Haliru, wa ya biyo ka?" Ya yi dariya ya ce, "Inna, ni nake bin wani abu."

Gab da faɗuwar damina, shekara guda bayan an yi jiha, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan mai gari. Mace ta fito, siririya, da tabarau da mayafi mai ruwan toka. Anka ce sunanta Malama Zulai'atu, daga jami'a take, bincike take yi a kan kurkunu. Garba, ɗan ƙanen mai gari, wanda ya ɗan yi boko, shi anka haɗa ta da shi. Anka tara mu mata a gindin tsamiya, ni ina gaba don wurin sana'ata ne.

Ta sa Garba ya ɗebo ruwan kududdufi a bokiti. Ta fito da wani farin ƙyalle, da lastik a bakinsa, ta ɗaura a kan tulu, ta zuba ruwan ya wuce. Sannan ta kwance ƙyallen ta juya shi, ta ɗauraye cikinsa a tambulan na gilashi, ta ɗaga wajen rana.

"Ku matso ku gani," in ji ta. "Inna, ke ce kusa, fara dubawa."

Na duba. Wallahi na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Wasu ƙananan abubuwa ne farare, ba su kai ƙwayar gero ba, suna tsalle cikin ruwan, zut, zut. 

Ta ce waɗannan ƙwarin su ke ɗauke da 'ya'yan kurkunu a cikinsu. In mutum ya sha, tsutsar ta zauna a jikinsa shiru, ba zafi ba ƙaiƙayi, sai ta shekara sannan ta nemi hanyar fita. Ta ce ba allura, ba ƙwaya, maganinsa ɗaya ne, kada a sha. Ta ce ƙyallen nan na nailan ne, sabon saƙa, an auna ƙofofinsa yadda ruwa zai wuce ƙwaron ba zai wuce ba. Wasu ƙauyuka an ba su yadi irin wanda muka sani, mu an ba mu wannan, ana so a ga wanne ya fi aiki, wanne ya fi daɗewa. In namu ya yi kyau, shi za a raba wa ƙauyuka arba'in na gefen ruwa.

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji ta. "Ruwan sha kawai. Kada a tace komai da shi sai ruwan sha."

Munka ce to. Kowane gida ƙyalle ɗaya. Garba anka ba littafi, duk wata ya zaga gida-gida ya duba ƙyallen, ya rubuta ko ana amfani da shi, ko ya huje.

Sati uku na yi ina tacewa, tulu bayan tulu, kamar mutuniyar kirki. Ranar wata Laraba na kai gero inji na dawo da ƙullu, na ɗauko tsumman da nake tace gasara da shi, sai ya yage a hannuna, tun daga tsakiya har baki. Ga ƙullu a roba, ga rana tana yi, gobe kasuwa. Na tura gidan maƙwabciyata Barakatu aro, anka ce ta tafi suna. Na ɗaga kai, ga farin ƙyallen can a bakin randa yana kallona. Na ce yau ɗaya dai, in na gama in wanke shi tas, wa zai sani?

Kai! Ban taɓa ganin gasara irin ta ranar ba. Ko ƙwayar dusa ɗaya ba ta wuce ba. Da safe na dama koko, ya fito sumul, yana sheƙi, ba gudaji ba tsaki. Wani direba da ya saba shan ludayi biyu ya sha biyar, ya ce, "Dudu, yau aljanu sunka dama miki?" Kafin hantsi tukunya ta ƙare. Shekara ashirin ina wannan sana'a ba a taɓa yi mini layi ba sai ranar.

Na sayi sabon tsumma, kada ku ce ban saya ba. Na tace da shi kwana biyu, masu saye sunka fara yatsina fuska, wai hannuna ya koma na da. Na koma wa nailan.

Na yi niyyar in haɗa biyun, Allah ya sani. In tace gasara da yamma, in wanke, da safe in tace ruwa. Amma gasara tana toshe ƙofofin, ko ka wanke sai ka ga ruwa ya tsaya a kai yana ɗiga ɗis-ɗis, ni kuma ga tulu shida, ga wuta tana ci, ga mutane suna jira a bakin hanya. Rannan na ɗage ƙyallen na juye tulu ɗaya haka nan, na mayar da shi na ɗaure. Washegari tulu biyu. Daga nan ya zama murfi kawai. In ɗage, in zuba, in mayar. Na ce wa kaina ai shekara ashirin da wani abu ina shan ruwan nan, sau ɗaya tak kurkunu ya taɓa fito mini, a ɗan yatsa, jininmu ba ya karɓar sa.

Ga abin haushin. Da yake kullum sai na wanke shi da sabulu don kada gasara ta yi tsami a jiki, ƙyallena ya fi na kowa haske a tungar nan. Na Barakatu da take tacewa tsakani da Allah ya yi jawur da laka. Garba in ya zo zagaye sai ya tsaya a bakin randata ya ce, "Gwaggo Dudu, ke kam kin ji magana. Da kowa kamar ke ne da mun huta." Ya rubuta a littafinsa. Da Malama Zulai'atu ta dawo tsakiyar damina, gidana ya fara kawo ta. Ta shafa ƙyallen, ta yi murmushi, har ta ɗauke ni hoto ina tsaye kusa da randa. Ta ce wa matan da sunka biyo ta su yi koyi da ni. Na gyara ɗaurin kallabi na karɓi yabon, ko kunya ban ji ba.

A daminar ne Haliru ya gama jarrabawa ya dawo gida gaba ɗaya. Ranar da ya iso, da rana tsaka, ya ajiye akwatinsa ya nufi randa. Ya ga ƙyallen ya yi murna, ya ce an koya musu wannan a makaranta, har an nuna musu ƙwaron a madubin likita. Ya ɗaga gefe ya cika moɗa, ya kai baki, sai ya tsaya.

"Inna, an tace?"

Ina tsugune ina wanke gero. Ban ko ɗago ba na ce, "An tace mana. Ba ka ga abin a kai ba?"

Ya shanye, ya ƙara.

Kalma biyu ce. Na sha yin ƙaryar da ta fi ta tsawo a kasuwa ba abin da ya faru. Yaron nan kuwa da ya ji daga bakina bai sake tambaya ba. Ɗakinsa yana zaure, da safe yana wajen gudu, da yamma yana gona, bai taɓa ganin abin da nake yi a bayan madafa ba. In zai tafi gona sai ya cika gora daga randata, don kada ƙishi ya sa shi shan ruwan wani wuri. Abokansa suna yi masa dariya, wai ɗan boko mai tsoron ruwa. Sau nawa na ce gobe zan koma tacewa? Damina ta wuce, kududdufi ya ƙafe, kowa lafiya lau a gidana. Na ce ka gani, dama tsoratarwa ce irin ta masu tabarau.

Shekara ta zagayo. Ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa, sai ga sanarwa a rediyo za a ɗauki sababbin sojoji, kowace jiha da rabonta, namu za a tantance su a Birnin Kebbi. Haliru ya je Wara ya cike takarda, sunansa ya fito. Ranar da ya dawo da labarin ɗaga ni ya yi sama a tsakar gida, ina zaginsa ina dariya. Ya ce abu uku ake dubawa, tsawo, takarda, gudu. "Inna, duka ukun ina da su." Saura kwana goma sha tara.

Kwana huɗu bayan haka ya dawo daga gudu yana ɗingishi. Ya ce gefen gwiwarsa ta dama ke ƙuna. Ya naɗe wando, na duba. Bororo ne, ɗan ƙarami. Ni da na girma ina ganin abin nan a ƙafafun mutane ba sai an gaya mini ba. 

"Ƙila wani ƙwaro ne ya cije ni a gona," in ji shi.

Na ce, "Ƙila."

Washegari ya fashe, farin zaren ya leƙo. Haliru ya zauna yana kallon sa kamar bai san ƙafar wa ce ba. Ya ce, "Ta yaya? Ni da ban taɓa sha a waje ba?" Na shige madafa na tsaya ina kallon tukunya.

Garba ya zo ya wanke wurin, ya naɗe kan tsutsar a tsinken ashana, ya ɗaure da bandeji. Ya ce kullum a ja kaɗan, in ta tsaya a bar ta, kada a yi mata dole, in ta tsinke a ciki ba kyau. Haliru ya tambaye shi kwana nawa. Ya ce wata guda, in Allah ya sa ta gajera. Haliru ya ce, "Kwana goma sha huɗu gare ni."

Ya yi haƙuri mako guda. Kullum da safe ya zauna a kan turmi ya juya tsinken, abin da ke fita bai wuce gaɓar yatsa ba, ya auna da ido, ya yi tsaki. Ranar ta takwas ina bakin hanya wajen koko Barakatu ta zo da gudu ta ce in zo. Na tarar da shi a ƙasa, gumi ya jiƙa rigarsa, tsinken a hannunsa da guntun zare yana lilo. Ya ja da ƙarfi, ta tsinke, sauran ta koma ciki.

Kafin kwana biyu gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, tana ƙyalli, zazzaɓi ya rufe shi. Garba ya ce a kai shi asibitin Yelwa yanzu-yanzu. Ni kuma, uwar wayo, na ce asibiti za su riƙe shi har ranar tantancewa ta wuce. Na aika anka kira wanzami ya yi masa sakiya, wato a gasa ƙarfe ya yi ja a huda kumburin ruwan ya fita, haka iyayenmu suke yi. Maza huɗu sunka danne shi. Ƙarar da yaron nan ya yi har yau in na ji ana soya abu a mai sai ta dawo mini. Ruwa ya fita, ya ɗan samu barci, na ce an dace. Kwana uku bayan nan wurin ya fara wari.

Ranar da 'yan uwansa masu neman soja suke gudu a Birnin Kebbi, mu muna cikin jirgi za mu Yelwa, kansa a cinyata, bai san inda yake ba. Sati bakwai munka yi a asibiti. Likita ya ce mu gode Allah ba a yanke ƙafar ba. Amma ciwon ya ci cikin gaɓar, gwiwar ta ƙage a ɗan lanƙwashe, ba ta miƙewa, ba ta naɗewa. Na tambaye shi yaushe za ta saki. Ya dube ni ya ce, "Inna, ba za ta saki ba."

Munka dawo gida da sanda. Haliru bai yi kuka a gabana ba ko sau ɗaya. Abin da yake ta maimaitawa shi ne a ina ya sha. Yana lissafa wuraren da ya je bara, gidan wane, sunan wane, ko an ba shi fura da ɗanyen ruwa bai lura ba. Kansa yake zargi. Ni ina jin sa, ina dama masa koko mai santsi ina kai masa.

Gab da kaka farar motar ta dawo. Garba ya riga ya aika mata cewa kurkunu ya fito a gidan da anka ɗauki hoto. A tungar duka mutum tara ne kawai ya fito wa a daminar, inda da sai a ƙirga sittin, kuma takwas ɗin an san su, ko sun jefar da ƙyallen ko suna sha a gona. Na tara shi ne ya hana Malama Zulai'atu sukuni. Ta shigo da hantsi, ta gaishe ni, ta zauna a tabarma kusa da Haliru a ƙarƙashin rumfa, ta yi masa sannu.

"Haliru, ka yi tunani da kyau. Bara da damina, ba ka taɓa shan ruwa a wani wuri ba? Gona, kasuwa, gidan aboki?"

"Na yi tunanin har na gaji, Malama. Daga randar Inna kawai nake sha. Ko gona da gorata nake zuwa."

Ta sa Garba ya kwanto ƙyallen. Ta fito da wani ɗan madubi mai ƙara girman abu, ta shimfiɗa ƙyallen a cinyarta, ta bi shi taku-taku tana neman huji. Ta daɗe. Ta ɗaga shi wajen rana. Babu huji.

"To wannan babbar magana ce," in ji ta, muryarta ta yi sanyi. "In gida yana tacewa kullum, ƙyalle bai huje ba, kuma ciwo ya fito, ke nan akwai ƙananan ƙwarin da suke wucewa ta saƙar. Dole in rubuta haka. Za a dakatar da rabon da za a yi wa ƙauyukan nan arba'in har a sake gwaji, ƙila shekara guda, ƙila biyu."

Ta juyo gare ni. "Inna, kullum kike tacewa? Ba ranar da aka tsallake?"

Ga wurin da ya kamata in buɗe baki. Na san abin da shekara biyu take nufi, na san ƙafafu nawa ne a ƙauye arba'in. Amma ɗana yana zaune yana kallona da idon nan nasa da bai taɓa zargina ba. Na zaɓi fuskata. Na ce, "Kullum, Malama. Tambayi Garba."

Garba ya ce, "Gaskiya ne, duk wata yana rubuce. Ba gidan da ya kai nata tsabta."

Ta gyaɗa kai, ta fara naɗe ƙyallen za ta sa a jaka ta tafi da shi. Sai yatsanta ya tsaya a kalmasar bakin, inda anka zura lastik. Wurin ya yi tauri. Ta sa farce ta ɓanɓare zaren ɗinkin, ta buɗe. Wani farin gari ya zubo mata a tafin hannu. Sabulu yana wanke fili, ba ya shiga cikin kalmasa, ni kuwa ban taɓa tunanin wurin ba. Ta shinshina. Ta ɗan taɓa da harshe. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi tukunyar kokon da ke kife a bakin madafa, ta sake dubana.

Yarinyar nan tana da kirki, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta dunƙule hannunta ta ce, "Inna, zo ki raka ni bakin mota, akwai abin da zan ba ki."

"Malama," in ji Haliru, "ba ni in gani."

"Ba komai ba ne, ƙura ce."

"Ba ni in gani."

Ya miƙa hannu, bai sauke ba har ta ba shi ƙyallen. Ya kai kalmasar hancinsa. Yaron da anka goya a bayan tukunyar koko, wa zai gaya masa ƙanshin gasara? Ya daɗe a haka, idonsa a rufe. 

"Inna, wannan ai kamu ne."

Ya ajiye ƙyallen a kan tabarma.

"Na tambaye ki," in ji shi. Bai ɗaga murya ba. "Ranar da na dawo, moɗa tana hannuna. Na tambaye ki."

Na durƙusa a gabansa, ni uwarsa, a gaban baƙuwa da Garba. Na faɗi komai, tsumman da ya yage, direban da ya sha ludayi biyar, ɗagewa da mayarwa. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Allah ya yafe mana duka, Inna." Ya jawo sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya ja ƙafar ya shige zaure. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ba a dakatar da rabon ba. Da damina ta gaba motar ta zo da sababbin ƙyallaye, wannan karon biyu-biyu: ƙarami na ruwa, da wani babba na musamman don tace gasara, duk macen da ke koko ko kunu a ba ta. Garba ya yi bayani a gindin tsamiya, wai bincike ya nuna in ba a ba mata na gasara ba, za su ɗauki na ruwa. Mata sunka yi ta shewa, wai masu binciken nan sun san halinmu. Ba a ambaci sunana ba. Cikin matan ni kaɗai na san binciken nan a gwiwar wa anka yi shi. Nawa babban na karɓa, na ba Barakatu tare da tukunyar da ludayin, ban sake dama kokon sayarwa ba.

Cikin shekara uku kurkunu ya ɓace a tungarmu. Daga baya ma anka haƙa mana rijiyar burtsatse, ruwa garau, ba mai waiwayar kududdufi sai shanu. Yaran yanzu in ka ce kurkunu sai su tambaye ka mene ne. Haliru ya koyi gyaran rediyo, yana da ɗan teburinsa a Wara kusa da inda jirage ke tsayawa, ya yi aure, ya haifi biyu. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Duk Juma'a yana zuwa gaishe ni, a bayan babur, ƙafar a ƙage gefe guda. Ya kawo mini goro da sabulu, ya tambayi ƙafata da bayana, mu yi hira har da dariya.

Makon jiya ya biya gidan Barakatu gaisuwa, ina tsaye a bakin katanga. Ta kawo masa ruwa a kofi, ya karɓa ya kafa kai ya shanye. Sannan ya shigo wurina. Na ɗebo masa a randa, ruwan burtsatse ne, da hannuna na buga shi da safe, iri ɗaya da na Barakatu. Ya karɓa da hannu biyu. Ya sa hannu a aljihu ya zaro ɗan farin ƙyallen da yake yawo da shi, ya nemi kofi na biyu, ya shimfiɗa a kai, ya juye ruwan a hankali yana kallo har ɗigon ƙarshe.

"Na gode, Inna," in ji shi, sannan ya sha.